Ra'ayi: Dajin da gwamnati ta yi wa ƙaura, ɗan bindiga ke gaje shi

Idan aka ce wa mutumin Jangebe "daji" a yau, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne daren wayewar Juma'a, 26 ga Fabrairun 2021, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati da ke garin, suka tasa ƙeyar ɗalibai 279 zuwa cikin duhuwa. Sai ranar 2 ga Maris aka sako su.

Jangebe na cikin Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, kuma maƙwabtanta ba su tsira ba a wannan shekarar. A watan Agusta an kai hari Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura, aka yi awon gaba da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a Ƙaramar Hukumar Maradun. Ƙananan hukumomi uku, makarantu uku, amma inda aka nufa da yaran guda ne: daji.

A wasu ƙasashen Afirka da suka ga yaƙi da kisa irin namu, ko ma fiye, daji ya koma wurin da ake kai 'yan makaranta cikin mota su ga giwa da zaki, iyayensu kuma su ci abinci daga kuɗin da baƙi ke kashewa. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da Jihar Zamfara za ta tsaya ta dubi yadda suka yi. A ra'ayinmu, farfaɗo da gandun daji aikin tsaro ne, kuma ya kamata a sa shi a sahun gaba.

Yadda aka saki daji

Zamfara ba baƙuwar gandun daji ba ce. Gandun namun daji na Kuyambana, a ƙasar Ɗansadau cikin Ƙaramar Hukumar Maru, ya yi iyaka da Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku da ke Birnin Gwari a Jihar Kaduna, wanda Gwamnatin Tarayya ta ɗaga darajarsa a 1999. A zahiri daji ɗaya ne da iyakar jiha ta raba. An san yankin da giwa da gwanki da kanki da gyado da gwaggon biri da tsuntsaye iri-iri. A arewacin jihar kuma akwai babbar makiyayar da aka keɓe a ƙasar Zurmi, ga dajin Sububu da ya taɓo Maradun da Shinkafi.

A zamanin En'e, daji na da masu shi. Akwai malamin daji da yaransa, akwai Sarkin Dawa da Sarkin Baka, akwai arɗo da ya san kowace ruga da kowane burtali. Ba za mu ce tsarin ba shi da aibu ba, domin talakawa sun sha tara a hannun malaman daji kan sarar ice. Amma baƙo ba ya kwana uku a daji dagaci bai ji labarinsa ba.

Sannu a hankali aka bar wannan tsari ya mutu. Ma'aikatan daji suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Alamun iyaka suka ɓace. Bayan 1999 aka yanka manyan gonaki a cikin dazuzzuka da makiyayu, har da ɓangaren Kuyambana, aka tashi rugagen da suka daɗe a wurin, burtali da mashaya suka toshe. Masu gawayi da masu katako suka shiga da zarto, masu haƙar zinare suka bi bayansu. Annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta nuna irin nisan da ke tsakanin hukuma da abin da ke faruwa a lungunan jihar.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, M.D. Abubakar, ya jagoranta a 2019 ya ƙiyasta cewa an kashe mutum sama da 6,000 a jihar tsakanin 2011 da 2019. Namun dajin sun riga mutane tafiya, babu wanda ya yi musu zaman makoki. Amma ɓacewarsu ita ce alamar farko cewa hukuma ta janye ƙafarta daga daji.

Abin da ya faru a Zakuma

Gandun Dajin Zakuma yana kudu maso gabashin Chadi, ba nesa da yankin da rikicin Darfur ya malalo ba. A 2002 yana da giwaye sama da 4,000. Zuwa 2010 sun koma kusan 450, saboda mahara da ke zuwa a kan dawakai ɗauke da manyan bindigogi suna kashe su don haure. Waɗannan maharan ba su bar ƙauyukan da ke hanyarsu ba.

A 2010 gwamnatin Chadi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar African Parks ta gudanar da gandun. Abin da aka yi ba sihiri ba ne. An sake horar da masu gadi, ana biyan su a kan lokaci. An daina rufe gandun da damina a bar wa ɓarayi, ma'aikata suka riƙa zama a ciki duk shekara. An sanya wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda garke yake. Abu mafi muhimmanci, an raba wa ƙauyuka da makiyayan da ke kewaye rediyon sadarwa, ta yadda duk wanda ya ga baƙin mahaya zai sanar da ofishin gandun nan take. Rediyon da ke kare giwa shi ke kare ƙauye.

An biya farashi mai tsada. A Satumban 2012 mahara suka kashe masu gadi shida a lokacin da suke sallar asuba. Aikin bai tsaya ba. Giwayen da suka daina haihuwa saboda firgici suka koma haihuwa, adadinsu ya haura 600. Mai ziyara a Zakuma da rani yau yana ganin garken ɓauna da raƙuman dawa da zakoki, ga dubban tsuntsaye a bakin tafkuna. Kuma ba Turawa kaɗai ke zuwa ba, 'yan Chadi da 'yan makarantunsu na cikin masu ziyarar.

Darasi daga Maraɗi da Kure

Mai cewa Chadi ta yi nisa, to ga Nijar a bayan gidanmu. Raƙumin dawa irin na Yammacin Afirka ya taɓa yaɗuwa daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi, har da Arewacin Najeriya. Farauta da fari da sare itatuwa suka ƙarar da shi, har a 1996 aka ƙirga guda 49 kacal da suka rage a duniya, dukkansu a kewayen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai.

Abin lura shi ne, waɗannan dabbobi ba a cikin shinge suke ba. Suna yawo ne a tsakanin gonakin gero da wake, suna cin ganyen gawo, wani lokaci su yi wa manomi ɓarna. Gwamnatin Nijar ta haramta kashe su, ƙungiyoyi kuma suka zo wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan rance, matasa suka kafa ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora. Da manomi ya ga raƙumin dawa na kawo masa wani abu, sai ya zama shi ne mai gadinsa. Yau sun haura 600.

A Nuwamban 2018 aka ɗauki guda takwas aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji, a yankin Dakoro na Jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 rabon da a ga irinsu. Gadabeji ƙasar makiyaya ce, Fulani da Buzaye na kiwo a kewayenta, kuma daga cikinsu aka ɗauki masu lura da dabbobin. Raƙuman sun zauna, har sun fara haihuwa a can. Jihar Maraɗi da Zamfara iyaka ɗaya ce ta raba su, harshe ɗaya, addini ɗaya, kasuwanni ɗaya.

Ruwanda da Bauchi

Gandun Akagera na ƙasar Ruwanda ya kusa mutuwa bayan kisan ƙare dangi na 1994. 'Yan gudun hijira sun dawo da shanunsu suna neman wurin zama, aka sa wa zakoki guba har suka ƙare. Gwamnati ba ta kori mutanen ba. A 1997 ta yanke fiye da rabin gandun ta ba su, ta riƙe abin da za ta iya karewa, kimanin murabba'in kilomita 1,120, wato kusan daidai da faɗin Kamuku. Daga baya aka ja shingen lantarki a iyakar da ke fuskantar gonaki. A 2015 aka kawo zakoki bakwai daga Afirka ta Kudu, a 2017 aka kawo karkanda 18. Ruwanda na ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta domin ayyuka a ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su.

A gida Najeriya, Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi ta ishe mu misali. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama ta Tarayya a 1991, ta dawo hannun jiha a 2006. Akwai lokacin da ake kashe giwayenta kowace shekara. Tun da ƙungiyar WCS ta shiga aikin sintiri tare da gwamnatin jihar a 2014, aka inganta alawus da kayan aikin masu gadi, aka kuma sa mutanen ƙauyuka cikin aikin lura da motsin giwaye, kisan ya ragu ƙwarai. Yankari na da nata matsalolin, amma har gobe ɗan Bauchi zai iya ɗaukar iyalinsa da Sallah su je su ga gwanki da ɓauna, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Ɗan Gusau ba shi da inda zai kai nasa a cikin jiharsa.

Gida bai ƙoshi ba, a kai wa dawa?

Mun san abin da mai karatu a Talata Mafara ko Maradun zai ce. Mutum bai iya zuwa gonarsa ba sai ya biya harajin 'yan bindiga, ana yi masa maganar giwa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa.

Amsar ita ce, a duk wuraren da muka ambata dabba ta dawo ne bayan hukuma ta dawo, ta kuma zauna. Sojoji sun sha shiga dazuzzukan Zamfara, jiragen yaƙi sun sha yin luguden wuta. Amma soja mai wucewa ne, yana share wuri a tura shi wani. Da ya juya baya, waɗanda aka kora su dawo, domin babu wanda aka bar wa amanar wurin. Gandun daji mai rai yana nufin hanyoyin sintiri da ake gyarawa, da sansanonin dindindin, da rediyo, da ma'aikatan da suka san kowane kwazazzabo da kowace mashaya, da ƙauyukan da ke da dalilin kai rahoto. Wannan shi ne abin da ya ɓace a Kuyambana da Sububu. Ko da ba a taɓa dawo da giwa ko ɗaya ba, manomi da makiyayi sun ci riba.

Haka kuma itatuwan da ke tsaye su ke riƙe ƙasa da ruwa. Idan aka aske dazuzzukan da ke saman kogin Sakkwato, yashi da laka ne za su ci gaba da cike madatsar Bakolori, wadda manoman shinkafar Talata Mafara da Bakura da Maradun suka dogara da ita.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. Gandun daji shi kaɗai ba ya cin yaƙi. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa ma'aikatan agaji shida da 'yan Nijar biyu, baƙi suka ɗauke ƙafa. Gandun W, da Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, ya zama mafakar masu tayar da ƙayar baya, kuma an kashe masu gadi a ɓangaren Benin a Fabrairun 2022. Kamuku da Kainji na da sunan gandun ƙasa, sunan bai hana miyagu shiga ba. Darasin shi ne allo da takardar doka ba sa gadin daji. Dole soja ya fara buɗe hanya, sannan a samu waɗanda za su zauna da kuɗi da kayan aiki na shekaru, ba na wata uku ba.

Kada a maimaita Bakolori

Akwai gargaɗin da mutanen wannan yanki suka fi kowa cancantar yi. An kammala madatsar Bakolori a 1978 da sunan ci gaba. Ruwa ya cinye gonaki da garuruwa, diyya ta yi ta tafiyar hawainiya, manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Tabon bai goge ba har yau.

Duk wani shirin farfaɗo da daji da zai fara da korar talaka ba tare da shawara da diyya ba, sabuwar fitina zai haifar. An ga haka a wasu gandayen Afirka. Ita kanta African Parks ta amince a 2025 cewa an take haƙƙin 'yan ƙabilar Baka a wani gandun da take gudanarwa a Kongo. Zamfara, inda rikicin ya samo tushe daga ƙwace makiyaya da rashin adalci a kotu da caji ofis, ba za ta iya ɗaukar wani sabon zalunci ba.

Keɓe ƙasa don amfanin kowa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah (SAW) ya keɓe hurumin Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe na Rabaza, kuma ƙa'idar ita ce hurumi na jama'a ne, ba na mai mulki da abokansa ba. Wanda ya fi cancanta ya fara fita daga Kuyambana shi ne babban mutumin da aka yanka wa ɗaruruwan kadada a ofis, kafin a zo kan mai bukka.

Abin da muke nema

A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano, da Baturiya a Jigawa, da Kogo a Katsina, da Allawa a Neja. Babu ko ɗaya a Zamfara. A Mayun 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa dakarun tsaron daji a faɗin ƙasa. Wannan dama ce, idan jihar ta san abin da take so da ita.

Na farko, Gwamna Dauda Lawal ya sa a sake auna iyakokin Kuyambana da sauran dazuzzuka da makiyayun da doka ta keɓe, a kuma wallafa sunayen duk waɗanda aka ba filaye a cikinsu tun 1999. Jama'a na da haƙƙin sani.

Na biyu, a nemi haɗe gudanar da Kuyambana da Kamuku a ƙarƙashin tsari ɗaya, tare da Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa da Jihar Kaduna. Ɗan bindiga ba ya tsayawa a iyakar jiha, bai kamata mai gadi ya tsaya ba.

Na uku, a ɗauki masu gadin daga garuruwa da rugagen da ke kewaye, Hausawa da Fulani, manoma da makiyaya da maharba, a horar da su tare, a biya su a kan kari, a kuma hukunta duk wanda ya wuce gona da iri. Jihar ta ga abin da ya biyo bayan 'yan sa-kai marasa linzami. Askarawan da aka ƙaddamar a 2024 na da nasu aikin a garuruwa, gadin daji kuwa sana'a ce daban mai buƙatar nata horon.

Na huɗu, Majalisar Dokokin Jiha ta rubuta a doka kason da ƙauyukan maƙwabta za su samu daga duk abin da dajin ya kawo, da diyyar ɓarnar da dabba za ta yi wa gona, da burtalin da ba mai ikon toshewa.

Na biyar, a fara da abin da hannu zai iya kaiwa. Tafkin Bakolori na da faɗin kusan kadada 8,000. Keɓe wani yanki na gaɓarsa, a dasa itatuwa, a hana harbin tsuntsaye, a tsara kamun kifi tare da Sarkin Ruwa da masunta, aiki ne da ba sai an jira an gama yaƙi ba.

Wannan kira ya fi hawa kan manyan yankin. Uku daga cikin gwamnoni biyar da Zamfara ta yi tun 1999 daga waɗannan ƙananan hukumomi suka fito: Ahmad Sani Yariman Bakura, da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Shekara 20 suka yi a kan mulki a tsakaninsu, kuma a cikin waɗannan shekarun ne daji ya kuɓuce. A 2023 ɗaya ya tafi Majalisar Dattawa, ɗaya ya zama ƙaramin ministan tsaro. Suna da murya a Abuja. Idan suka ajiye bambancin siyasa suka haɗa kai da gwamnati mai ci kan wannan batu guda, babu ofishin da zai rufe musu ƙofa.

Kafin duk wannan ya tabbata, akwai ƙaramin abu da Ma'aikatar Ilimi za ta iya yi a zangon karatu mai zuwa. A zaɓi ɗalibai daga Jangebe da Kaya da Bakura, a kai su Yankari da rakiyar tsaro, su kwana biyu, su ga giwa da idonsu, su yi hira da masu gadin da ke cin abinci da wannan aiki. Akwai yara a Zamfara da tun da aka haife su ba su taɓa jin an ambaci daji ba sai tare da kuɗin fansa. Daga cikinsu ne za a samu malaman daji da likitocin dabbobi da 'yan majalisar da za su karɓi aikin nan gaba, kuma mutum ba ya kare abin da bai taɓa gani ba.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya.